Ƙofofi Uku Kafin Ka Shiga Ƙasar da Ba Ta Neman Biza: Jagorar Shirya Tafiyar Hutu

Mutum ya ga jerin ƙasashen da aka ce fasfonsa yana shiga ba tare da biza ba, ya zaɓi wadda ta kwanta masa a rai, ya yanki tikiti, ya kama ɗaki a otal, ya ɗaure kaya. Ranar tafiya ya miƙa fasfo a teburin kamfanin jirgi, ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, ta ɗago kai ta ce ba za ta ba shi katin shiga jirgi ba. Jerin da ya gani bai yi ƙarya ba, ƙasar ba ta neman biza. Sai dai fasfon saura wata huɗu ya ƙare, ko jirgin zai yada zango a inda ake neman bizar wucewa, ko kuma tikitin na zuwa ne kawai, babu na dawowa. Hutu ya ƙare tun bai fara ba, kuɗin tikiti da na otal sun bi ruwa.

Tsakaninka da ƙasar da za ka akwai ƙofofi uku, kowace da mai gadinta: teburin kamfanin jirgi, filin jirgin da za ka yada zango, da jami'in shige da fice na ƙasar da ka nufa. Ɗage biza ƙofa ta uku kaɗai ya shafa, ita ɗin ma ba gaba ɗaya ba. Matakan nan na jera su bisa yadda ya kamata a bi su, kuma jerin kansa yana da amfani: a gama da takardu tukuna, sannan a fara biyan kuɗin da ba a mayarwa.

Mataki na farko: wane irin "ba biza" ake nufi?

Jerin da ake yaɗawa yakan cakuɗa abubuwa huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai shiga ba biza ta zahiri, wato ka isa, a duba fasfo, a buga hatimi, ka wuce. Irinta ce yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS da aka sanya wa hannu a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar zama a wata har kwana 90. Ita ce kuma Ruwanda ta sanar wa dukkan 'yan Afirka a Nuwamban 2023.

Akwai biza da ake bayarwa a filin jirgi bayan an sauka. Wannan biza ce sosai, wurin karɓarta ne kawai ya sauya. Tsibiran Maldif suna ba masu yawon buɗe ido ta kwana 30 kyauta, wasu ƙasashen kuwa sai ka biya, wani lokacin da tsabar dala ko yuro, kuma ba kullum ake samun canji ba. Tarkon da ke cikinta shi ne wasu ƙasashe suna kiranta biza ta filin jirgi alhali sai ka samu takardar amincewa tun kana gida, ba tare da ita ba jirgi ma ba zai ɗauke ka ba.

Ta uku ita ce biza ta intanet. Ba za ka je ofishin jakadanci ba, amma za ka cike fom, ka ɗora hoto da takardu, ka biya, ka jira, kuma ana iya hana ka.

Ta huɗu ce ta fi ruɗa mutane, don sabuwa ce: izinin tafiya da ake nema ta intanet ga waɗanda aka ɗauke wa biza. Amurka tana da ESTA, Kanada tana da eTA, Birtaniya ta fara nata ETA a 2023, ta kuma faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasashen Turai a Afrilun 2025. Tsibiran Seshel ba sa neman biza, amma sai ka nemi izinin tafiya ta intanet kafin ka tashi. A takarda ba biza ba ne, a teburin kamfanin jirgi kuwa rashinsa da rashin biza duk ɗaya ne.

Abubuwa biyu kuma kafin mu wuce. Idan ka ji labarin cewa ƙasa kaza da ƙasa kaza sun ɗage wa juna biza, karanta har ƙarshe, domin sau da yawa yarjejeniyar ta masu fasfon diflomasiyya da na ma'aikatan gwamnati ce, ba ta shafi fasfon kowa da kowa ba. Sannan bizar wata ƙasa da take cikin fasfonka tana iya buɗe maka ƙofar wata: Meziko, alal misali, tana barin mai bizar Amurka, Kanada, Japan, Birtaniya ko yankin Shengen (ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya) da ba ta ƙare ba ya shiga ba tare da ya nemi tata ba. Duk waɗannan izini na ziyara ne. Wanda ya shiga da sunan hutu ya kama aiki, ko da na mako ɗaya ne, ya karya doka.

Mataki na biyu: ɗauko fasfon ka duba shi da idonka

Kada ka dogara da abin da kake tunawa. Buɗe shafin hoto ka karanta ranar ƙarewa. Ƙasashe da dama, irin su Tailan, Indunusiya, Singafo, Masar, Kenya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Yankin Shengen yana da nasa lissafin: wata uku bayan ranar da za ka fita, kuma ya zama an bayar da fasfon cikin shekaru 10 da suka wuce. Afirka ta Kudu kwana 30 take nema bayan ranar fita, da shafuka biyu da ba a buga komai a kai ba. Shawarata ita ce kada ka tsaya lissafin waɗannan bambance-bambancen. Idan saura ƙasa da wata tara zuwa ranar dawowarka, sabunta shi kawai, domin sabuntawar kan ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi alkawari.

Duba lafiyar littafin kansa. Shafin da ya yage, hoton da ruwa ya taɓa, bangon da ya fara rabuwa, duk suna iya sa a ƙi karɓa. Haka nan sunan da ke kan tikiti dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, ba yadda ka saba rubuta shi ba. Gyaran suna bayan an yanki tikiti kuɗi ne, wani lokacin ma sai an sayi sabo.

Idan da yara za a tafi, kowane yaro da fasfonsa, kuma na yara ya fi saurin ƙarewa. Riƙe takardar haihuwa. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da su, a samu takardar amincewar ɗayan, an sa hannu, an buga mata hatimin hukuma.

Mataki na uku: tabbatar da dokar daga tushe

Dokar biza ba ta zama wuri ɗaya. A Yulin 2023 Birtaniya ta janye shiga ba biza daga ƙasashe biyar lokaci guda, cikinsu har da Namibiya da Dominika. A 1 ga Afrilun 2025 Namibiya ita ma ta fara neman biza daga 'yan Birtaniya, Amurka da wasu ƙasashen da ba sa ɗage wa 'yan ƙasarta. A Afrilun 2025 ɗin dai Birazil ta dawo da biza ga 'yan Amurka, Kanada da Ostireliya. Kenya ta kawo izinin intanet ga kusan kowa a Janairun 2024, daga baya a 2025 ta ɗauke wa yawancin ƙasashen Afirka. Mali, Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025. Bidiyon da wani ya ɗauka shekara biyu da suka wuce yana ba ka labarin tafiyarsa ne, ba dokar yau ba.

Wurare biyu za ka duba, kuma sai sun yi daidai da juna. Na farko shafin hukumar shige da fice ko ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Na biyu shi ne abin da kamfanin jirgi yake gani. Kamfanoni suna amfani da wani kundin bayanai mai suna Timatic na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, shi ma'aikaciyar nan take dubawa sa'ad da ta karɓi fasfonka. IATA tana da shafin da matafiyi zai shigar da ƙasar fasfonsa, inda za shi da inda zai yada zango ya ga sharuɗɗan, kamfanoni da yawa ma suna da irinsa a shafukansu. Dalilin tsananinsu kuwa a fili yake: idan suka kai fasinjan da aka ƙi bari ya shiga, su za su maido shi da kuɗinsu, sau da yawa kuma a ci su tara. Saboda haka roƙo ba ya aiki a wannan tebur, takarda ce take aiki.

Yi hattara da shafukan da suka yi kama da na gwamnati. Da ka rubuta sunan wani izini a manhajar bincike, waɗanda suke fitowa a sama galibi na 'yan tsakani ne, masu karɓar ninkin kuɗin, wasunsu ma 'yan damfara ne zalla. Bi hanyar da shafin ofishin jakadanci ya nuna. Ka sake dubawa saura mako ɗaya tafiya.

Mataki na huɗu: hanyar da jirgi zai bi

A nan mafi yawan masu "ba biza" suke faɗuwa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Ɗauki tsibiran Karibiyan misali. Barbados tana barin masu fasfon ƙasashen Afirka da dama su shiga ba biza. To, ta ina za ka isa? Jiragen da suke zuwa can yawancinsu daga Landan suke tashi, ko daga biranen Amurka da Kanada, kuma kowanne yana da nasa shingen.

A Amurka babu batun zama a ɗakin jira ka canja jirgi ba tare da ka shiga ƙasar ba. Duk wanda ya sauka sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice, ko da awa biyu zai yi, don haka sai da biza ko ESTA. Kanada ma tana neman bizar wucewa daga waɗanda take neman bizar shiga. Birtaniya tana da jerin ƙasashen da sai sun samu bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Yankin Shengen yana da jeri na bai ɗaya na ƙasashe 12 da ake nema wa bizar wucewa ta filin jirgi: Afganistan, Bangladash, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Eritiriya, Habasha, Ghana, Iran, Iraƙi, Najeriya, Pakistan, Somaliya da Sirilanka. Kowace ƙasa a yankin kuma tana iya ƙara wasu a nata jerin. Akwai rangwame ga wasu, musamman masu bizar Amurka ko Kanada da ba ta ƙare ba, amma sharuɗɗansa sai an karanta su layi-layi.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: idan hanyarka ta ƙunshi sauka sau biyu a cikin Shengen, kamar Faransa sannan Jamus, jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne a wurinsu. Ka shiga yankin ke nan, sai da cikakkiyar biza.

Sai batun tikiti biyu. Shafukan neman araha sukan haɗa maka jirage na kamfanoni daban-daban da ba su da alaƙa, su nuna farashi mai daɗi. Ma'anarsa ita ce a wurin yada zango za ka fita ka ɗauki akwatinka, ka sake miƙa shi ga kamfani na biyu, kuma ba a isa wurin ɗaukar kaya sai an wuce shige da fice. Ga shi kuma idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu mai ɗaukar nauyinka. Tikiti ɗaya mai lamba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Ga mai fasfon da ba shi da ƙarfi, hanyoyin Adis Ababa, Doha, Dubai da Istanbul sun fi sauƙi, muddin zai tsaya a ɓangaren masu wucewa. Ba na son tazarar da ta gaza awa biyu a babban filin jirgi, ko da kwamfuta ta ce za ta isa.

Mataki na biyar: ƙidaya kwanaki

Kwana 30 ba wata ɗaya ba ne, kwana 90 ba wata uku ba ne. Ranar shiga kwana ɗaya ce ko da ƙarfe sha ɗaya na dare ka sauka, ranar fita ma haka. Kuma abin da jami'i ya rubuta a kan hatimi shi ne wa'adinka, ba abin da ka karanta a intanet ba. Doka tana iya cewa har kwana 90, shi ya ba ka 30. Duba hatimin kafin ka bar gaban teburinsa.

Yankin Shengen, mai ƙasashe 29, yana da ƙa'idar kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashen duka tamkar ƙasa ɗaya ne a wannan lissafi. Tsallakawa daga Italiya zuwa Sifen ba ya sabunta komai. Ga yadda ake yi: a kowace rana ka waiwaya baya kwana 180 ka ƙirga nawa ka yi a ciki. Wanda ya shiga 1 ga Maris ya fita 29 ga Afrilu ya ci kwana 60. Idan ya dawo 1 ga Yuni, saura masa 30, dole ya fita 30 ga Yuni. Kwanakin Maris ba za su fara dawo masa ba sai ƙarshen Agusta. Tun daga Oktoban 2025 yankin ya fara tsarin rajistar shiga da fita ta na'ura, da hoton fuska da zanen yatsu, wanda ke nufin kwamfuta ce take ƙidayar, ba idon jami'i ba.

Wuce wa'adi yana da tsada. Tailan tana cin tarar bat 500 a kowace rana har zuwa 20,000, Indunusiya rufiya miliyan ɗaya a rana. A Amurka wanda ya wuce da fiye da kwana 180 ana hana shi dawowa shekara 3, wanda ya kai shekara ɗaya kuma shekara 10. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne tabon da zai bi fasfon, domin fom ɗin biza na ƙasashe da yawa yana tambaya ko ka taɓa wuce wa'adi a wani wuri. Bar kwana biyu ko uku a matsayin rara, saboda jirgi yana iya fasa tashi.

Mataki na shida: allura, magani da inshora

Katin rigakafin cutar shawara, wannan mai launin ɗorawa, yana hana mutane shiga ƙasa kamar yadda rashin biza yake hanawa. Wasu ƙasashen suna nemansa daga kowa, wasu daga wanda ya fito ko ya bi ta inda cutar take. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wadda aka yi ana jibi tafiya ba ta da amfani a wurin jami'i. Labari mai daɗi shi ne tun Yulin 2016, bisa dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabuntawa bayan shekara 10 kamar da. Ka yi allurar da gaske a wurin da aka amince da shi. Katin da aka saya ba tare da allura ba ba zai kare ka daga sauro ba.

Maganin da kake sha kullum ka bar shi cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Abin da ake sayarwa a sauƙaƙe a wata ƙasa laifi ne a wata. Taramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Masar ma ba ta wasa da taramadol, Japan kuma tana hana wasu magungunan mura. Kuma kada ka karɓi saƙon magani ko ƙunshin da ba ka buɗe ba don kai wa wani, komai kusancinku.

Inshorar tafiya tilas ce ga mai neman bizar Shengen, wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Inda ba tilas ba ma ni ina ganin kuskure ne a bar ta. Abin dubawa a takardarta shi ne kuɗin asibiti, kuɗin maido da mara lafiya gida, da kuma abin da ta ce ba za ta biya ba, musamman ciwon da kake da shi tun kafin tafiya.

Mataki na bakwai: yanzu ne za ka fara biya

Kafin ka tsayar da rana, duba yanayin wurin. Araha mai yawa galibi tana da dalili. Lokacin guguwa a Karibiyan daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Ƙasashen Tekun Fasha a Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 40, yawo sai cikin gini. Gabashin Afirka ruwa mai yawa yake samu daga Maris zuwa Mayu. A kudancin duniya, kamar Afirka ta Kudu da Ostireliya, sanyi a Yuni da Yuli yake, Disamba kuma tsakiyar zafi.

Fara da masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, domin takardarsa za ka buƙata wurin neman izini. Idan izini ya fito, sai tikiti na zuwa da dawowa. Jami'ai sun san dabarar kama otal na bogi a soke shi, wasu har waya suke bugawa su tambaya, don haka adireshin da ka rubuta ya zama inda za ka kwana da gaske. Idan gidan wani za ka sauka, ya aiko maka da wasiƙar gayyata mai ɗauke da adireshi, lambar waya da shaidar zamansa a ƙasar. Mai son zaga ƙasashe maƙwabta ya bincika ko akwai biza ta haɗin gwiwa: Kenya, Ruwanda da Yuganda suna da guda ɗaya ta kwana 90 a kan dala 100.

Mataki na takwas: guzuri

Kada ka dogara da hanya ɗaya. Katin banki biyu, a ajiye su wuri daban-daban, da ɗan tsabar kuɗi. Tambayi bankinka ko katin yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za ka iya kashewa a wata, tun kafin ka tsaya a gaban mai karɓar kuɗi a otal. Idan na'urar biya ko ta cirar kuɗi ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake, domin canjin da na'urar take yi da kanta kusan kullum ya fi muni. A filin jirgi canja abin da zai kai ka masauki kawai.

Ɗaukar kuɗi mai yawa ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Tarayyar Turai tana so a bayyana daga yuro 10,000, Amurka abin da ya haura dala 10,000. Ka sa a lissafi cewa otal da kamfanin hayar mota sukan riƙe wani kuɗi a kati a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi. A kan duk abin da ka ƙiyasta, ƙara kashi ɗaya cikin biyar.

Mataki na tara: makon ƙarshe

Ƙasashe da yawa sun mayar da katin sauka zuwa intanet. Singafo tana so a cike nata cikin kwana uku kafin isowa, Tailan ta fara nata a Mayun 2025, Maldif ma tana da nata. Waɗannan kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi a kansu ɗan tsakani ne.

Buga komai a takarda: tikiti, otal, inshora, izini, bayanin asusun banki. Waya tana mutuwa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Ɗauki hoton fasfo ka aika wa kanka ta imel, ka bar kwafi a gida. Batirin ajiye caji a jakar hannu yake tafiya, ba a akwatin da za a auna ba. Ruwa, turare da man shafawa a jakar hannu kada kowane mazubi ya wuce mililita 100. Nemi kan caja da ya dace da soket ɗin ƙasar, sauke taswirar garin a waya don ta yi aiki ba intanet, ka kuma saka kayan sawa na kwana ɗaya a jakar hannu.

A gaban jami'in shige da fice

Tambaya ɗaya ce a ransa ko da ya yi ta ta fuska biyar: wannan mutumin zai koma? Zai tambayi dalilin zuwa, kwana nawa, ina za ka sauka, wa zai biya, me kake yi a gida. Amsa abin da aka tambaya, gajere, kuma ya yi daidai da takardunka. Wanda ya ce kwana bakwai alhali tikitinsa na wata biyu ne ya jawo wa kansa zama a ɗakin bincike. Haka wanda bai san sunan otal ɗinsa ba, ko mai hutun mako ɗaya da aka samu takardun makaranta da na neman aiki a jakarsa. Wasiƙar hutu daga wurin aiki ko shaidar kasuwancinka tana taimakawa. Kada ka yi raha a kan aiki ko zama, kada ka ɗaga murya, waya kuma ta koma aljihu.

Idan aka ce ka koma gefe, ba kora ba ce tukuna, sau da yawa waya kawai za su buga wa otal. Idan ba ka jin harshen, nemi tafinta, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Hukuncin ƙarshe nasa ne, ko da biza a hannunka.

Idan abu ya ɓaci a can

Akwati bai fito ba? Kada ka bar wurin ɗaukar kaya sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin ka karɓi lamba, kuma ka adana ɗan tikitin kayan da aka manna maka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, kwana 7 gare ka ka kai ƙorafi a rubuce idan kayan sun lalace, kwana 21 idan sun makara. Idan jirgin da ya taso daga Tarayyar Turai ya makara awa uku ko fiye bisa laifin kamfani, doka ta tanadi diyya daga yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, amma sai ka nema. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911.

Idan fasfo ne ya ɓace, fara da ofishin 'yan sanda ka karɓi rahoto, sannan ofishin jakadancin ƙasarka da kwafin fasfon da hotuna biyu. Abin da za su ba ka galibi takardar tafiya ta gaggawa ce ta komawa gida kawai, kuma ba kowace ƙasar yada zango take karɓarta ba, don haka kira kamfanin jirgi a ranar, ƙila sai an canja hanya. Ba a kowace ƙasa ƙasarka take da ofishi ba. A ƙananan tsibirai musamman, wanda yake kula da wurin yana iya kasancewa a wata ƙasar daban. Nemo adireshinsa da lambar wayarsa tun kana gida, ka rubuta a takarda, ka ajiye ta a wata jaka ba wadda fasfon yake ciki ba.